Gurabe Huɗu, Biyu a Cike: Yadda Muka Zaɓi Uwar Allo da RAM Don Aikin Ƙungiyarmu

 

Na san wasu za su ga kanun nan su ce mene ne haɗin marubuci da kayan cikin kwamfuta. Haɗin yana nan, kuma kullum ƙara ƙarfi yake yi. A iya abin da nake gani, in ka rubuta waƙa yau, masu sauraronta a bidiyon minti biyu sun fi masu karanta ta a takarda. In ka fitar da littafi, sai ka yi masa ɗan bidiyon talla kafin a san da zamansa. Akwai kuma wani aiki da ya fi waɗannan nauyi, wato ɗaukar maganar dattawa tun suna raye, da muryarsu da fuskarsu. Wannan aikin ne ya sa ƙungiyarmu ta marubuta ta shiga harkar haɗa kwamfuta, kuma abin da muka koya a ciki nake so in baje muku.

'Yan ƙungiyarmu a rabe suke tsakanin Gwandu da Kalgo. Na Kalgo da yawansu ɗalibai ne a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da mazauninta na dindindin a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Mu na Gwandu kuwa a gindin tarihi muka tashi. Garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, ƙanen Shehu Usmanu, mai Liya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati, kuma hubbarensa yana nan cikin gari. A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, a Gwandu ya samu kwafin Tarikhus Sudan, littafin tarihin Tumbutu, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Abin da malamai suka rubuta ya tsira saboda an yi ta kwafarsa hannu zuwa hannu. Amma abin da ke bakin manomi da masunci da maƙeri da tsohuwa mai tatsuniya ba shi da mai kwafa. Ga kuma harshen kansa. Mu da daidaitacciyar Hausa muke rubutu, su kuwa da Hausar yamma suke magana, mai “wanga” da “shina” da “mi”. In ka rubuta maganarsu kawai, rabin daɗinta ya zube a hanya.

Sai muka yanke shawarar riƙa ɗaukar su a bidiyo, mu tace, mu sa rubutu a ƙasa, mu ajiye, wanda ke son rubuta labari ko wasan kwaikwayo ya zo ya ɗiba. Ɗauka ba ta ba mu wahala ba, domin wayoyi biyu da kyamara ɗaya ta aro sun wadatar. Tacewa ce ta tsaya. Laftof ɗin sakatarenmu mai RAM gigabait 8 ita ce duk abin da muke da shi. Da an ɗora mata hirar awa ɗaya sai hoto ya riƙa tsalle, murya ta wuce leɓe, fankar ciki ta kama kuka. Muka yi karo-karo na watanni, wasu iyayen ƙungiya suka cika mana, aka ce ni zan zaɓo kayan tunda ni na yi difloma a fannin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Kuɗin jama'a ne, kuma in suka tafi ba za a sake tara irinsu da wuri ba.

Bari in fara da bayanin abubuwan biyu ga wanda bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba.

Uwar allo, wadda masu gyara ke kira madabod, ita ce faffaɗan allon da komai ke hawa kansa: furosesa, RAM, katin hoto, ma'ajiyar fayil. Ita kanta ba ta ƙara wa aiki gudu sosai. Aikinta shi ne ta ce wane furosesa ne zai shiga, wane irin RAM ne zai zauna, guda nawa, kuma me za a iya ƙarawa nan gaba. Kamar fili ce da harsashin gini. In ka sayi fili mai ɗaukar ɗaki biyu, ranar da iyali suka ƙaru sai dai ka tashi.

RAM kuwa teburin aiki ne. Littattafanka suna cikin kabad, wannan ita ce ma'ajiya, wato SSD ko had-dis. Amma waɗanda kake dubawa yanzu a kan tebur suke. In teburin ƙarami ne, duk lokacin da za ka buɗe sabon littafi sai ka tashi ka mayar da wani. Haka kwamfuta ke yi in RAM ya cika: sai ta riƙa kai da komo zuwa ma'ajiya, ita kuwa ma'ajiya ba ta da saurin RAM. Wannan kai da komon ne kake gani a matsayin tsallen hoto.

Kafin in duba sunan kowane kaya, tambayoyi uku na rubuta a takarda.

Ta farko, wane aiki za mu yi? Hoton da ake kira HD yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Na 4K yana da 3840 da 2160, wato ninki huɗu ke nan na ɗigon HD. Kyamarar da ke ɗauka a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 45 a awa ɗaya. Kamfanin Adobe yana ba da shawarar RAM gigabait 16 ga mai tace HD da manhajarsa ta Premiere Pro, 32 ko fiye ga mai 4K. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design, wadda ke da nau'in kyauta, gigabait 16 take nema a matakin farko, 32 in za a shiga ɓangarenta na haɗa siddabarun hoto. Mu hira muke tacewa: mutum a zaune yana magana, kusurwa biyu, gyaran murya, rubutu a ƙasa. Yawanci HD ne, wani lokaci 4K daga waya. Lissafi ya tsaya a kan 32, da ƙofar zuwa 64.

Ta biyu, wace wuta za mu ba ta? Masu bidiyon ba da shawara a YouTube daga Amurka ko Ingila ba sa yin wannan tambayar, domin ba ta taso musu ba. Mu kuwa kwamfutar a Kalgo za ta zauna, a shagon wani ɗan ƙungiya mai sola da 'yar ƙaramar inbata, saboda in aka ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da bidiyo, aikin awa guda ya koma farko. Furosesa irin Core i9-14900K yana iya jan wat 253 shi kaɗai, katin hoto RTX 4090 kuma wat 450. Inbatarmu ba ta da wannan ƙarfin. Core i5-12400 kuwa wat 65 ne a aikin yau da kullum, 117 in ya kai ƙarshen ƙoƙarinsa. Sannan duk wutar da kaya ya ja, zafi take komawa. Wanda ya san watan Afrilu a Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ɗakin da ba na'urar sanyaya iska ba wurin ajiye murhu ba ne. Ƙara da ƙurar hunturu mai toshe fanka.

Ta uku, in abu ya lalace, a ina za a samu madadinsa? Irin waɗannan kaya sai dai a yi odarsu daga Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, a sa a mota. Don haka kayan da ya yawaita a kasuwa ya fi mana kayan da ya fi kowanne sabunta.

Da waɗannan amsoshi na shiga zaɓi. Ƙa'idar ita ce furosesa ake fara zaɓa, shi ke nuna mazauninsa a kan allo, mazaunin kuma shi ke nuna irin RAM. Hanyoyi uku ne a gabanmu. Akwai mazaunin AM4 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2016, DDR4 kaɗai yake ɗauka. Akwai AM5 da ya gaje shi a Satumbar 2022, shi kuma DDR5 kaɗai. Sai LGA1700 na Intel da ya fito a ƙarshen 2021, wanda allunansa iri biyu ne, wasu na DDR4, wasu na DDR5. Ku riƙe wannan da kyau: DDR4 da DDR5 tsawonsu ɗaya, haƙoransu 288 dukansu, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kuma wanda ya danna da ƙarfi ya yi asarar biyun.

A nan ne gardama ta tashi a ƙungiya. Ma'ajinmu, wanda shi ma ya san harkar, ya ce AM5 za mu saya. Hujjarsa mai ƙarfi ce. AMD ya yi alkawarin ci gaba da fitar da furosesa na wannan mazauni har 2027 ko bayanta, alhali LGA1700 ya tsaya a zango na 14, Intel ya riga ya koma wani mazaunin tun 2024. DDR4 kuma masu ƙera shi sun fara janye hannu. Ya ce araha ba ta ado, me zai sa mu zuba kuɗin jama'a a hanyar da aka san ƙarshenta? Mu ƙara wata shida muna tarawa, mu sayi abin da zai kai mu shekaru.

Matsalar ita ce farashi ba ya jiran mai tarawa. Tun da aka saki Naira a kasuwar canji a Yunin 2023, duk kayan da ake shigowa da su da dala suka yi sama. Sannan a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya baki ɗaya, saboda kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawansa, Samsung da SK Hynix da Micron, kuma sun karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira masu saye da yawa. Tashin ya shafi DDR4 da DDR5 duka. Bambancin shi ne DDR4 yana kasuwa tun 2014, don haka na hannu ya yawaita, ana cire shi daga tsofaffin kwamfutoci. DDR5 na hannu kuwa sai an tona.

Amma abin da ya yanke gardamar wani abu ne daban. A cikin waɗannan makonni muka je ɗaukar wani dattijo a wani ƙauye kusa da Kalgo, wanda ya yi noman shinkafa a fadama tun kafin a san injin ban ruwa. Ya lissafa mana sunayen irin shinkafar da aka daina shukawa, da yadda suke gane shekarar ambaliya tun ruwa bai iso ba. Da muka gama, ya dubi kyamarar ya ce da ni, “Kai yaro, wanga abu naku, yaushe za ni ganin kaina ciki?” Na ce, “Baba, in Allah ya so ba da daɗewa ba.” Ya yi dariya ya ce, “To ku yi hanzari, ni ba ni da wata shida na ajiya.” Ma'ajinmu yana tsaye a wurin. A lokacin muna da hirarraki goma sha ɗaya a ajiye, ko ɗaya ba a tace ba, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin da muka ɗauka a Gwandu ta riga ta rasu ba ta ga nata ba, 'ya'yanta suna ta tambaya. A hanyar dawowa ma'aji da kansa ya ce a sayi abin da kuɗin hannu za su iya, da sharaɗin a bar ƙofar ƙari a buɗe. Wannan sharaɗi nasa shi ya zama ma'aunin duk abin da na zaɓa.

Na ɗauki Core i5-12400, kuma na tabbatar ba mai harafin F a ƙarshe ba ne. Furosesan Intel mai F ba shi da sashen hoto a cikinsa, dole sai an saya masa kati. Marar F yana da shi, kuma a cikin sashen akwai abin da ake kira Quick Sync, mai warware bidiyon H.264 da H.265, waɗanda su ne wayoyi da yawancin kyamarori ke ɗauka da su. Wannan ya ba mu damar fara aiki ba tare da katin hoto ba, mu bar gurbinsa a buɗe. Shi ya sa ma na bar AM4, duk da cewa hanya ce mai kyau ga wanda ya riga ya mallaki kati.

Allo kuma na tsallake masu H610, waɗanda su ne mafi araha, domin gurbin RAM biyu gare su, kuma galibi gurbin M.2 ɗaya. Na ɗauki B760 na DDR4 mai gurbin RAM huɗu da gurbin M.2 biyu. M.2 shi ne inda ake soka ƙaramar ma'ajiya mai sauri. Biyu nake so, ɗaya ta Windows da manhajoji, ɗaya ta bidiyon da ake kan tacewa. Na kuma duba cewa akwai ƙarfen shan zafi a kan sassan da ke kewaye da mazaunin furosesa, masu daidaita masa wuta, domin su ne ke fara galabaita a ɗaki mai zafi. Na ƙirga ramukan USB na baya, tunda kullum cikin soka had-dis da katin kyamara muke. Fitilu masu launi da sauran ado ban biya musu ko kwabo ba.

RAM na sayi sanda biyu, kowace gigabait 16, DDR4 mai gudun 3200, 'yan kwali ɗaya. Dalilin biyu maimakon ɗaya mai 32 shi ne furosesa yana da hanya biyu zuwa RAM, kuma sanda ɗaya hanya ɗaya take buɗewa. Ga mai dogaro da sashen hoto na cikin furosesa abin ya fi muhimmanci, domin shi ma daga wannan RAM ɗin yake ci. A allo mai gurabe huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake fara cikawa, littafin allon zai nuna maka. Bayan an haɗa sai a shiga BIOS a kunna XMP, in ba haka ba RAM ɗin yana iya tsayawa a gudun da bai kai wanda ka biya ba. Dalilin da ya hana ni sayen sanda huɗu masu 8 kuwa a fili yake: jimillar ɗaya ce, amma ƙofa ta rufe. Yanzu gurabe biyu suna nan a buɗe, kuma na rubuta lambar sandunan a littafin ƙungiya, domin ranar ƙari a nemo irinsu. Haɗa RAM mabambanta yakan yi aiki, amma wani lokaci gudu ya ragu, wani lokaci kwamfuta ta riƙa mutuwa ba dalili.

Ga wanda zai sayi na hannu, ga abubuwan da na bi. Ka sa a turo maka hoton mazaunin furosesa a kusa, cikin haske, domin a allunan Intel ƙananan alluran suna jikin allo ne, kuma in ɗaya ta lanƙwashe tana iya kashe gurbin RAM guda. Ka tabbatar RAM na tebur ne, domin na laftof gajere ne, ba ya shiga. Ka guji RAM ɗin manyan kwamfutocin saba da ake sayarwa da araha, mai alamar rajista, domin allon gida ba ya tashi da shi. Ka yi hattara da allon da aka ciro daga kwamfutocin ofis na tokumbo, yawancinsu ƙirar kamfaninsu ce ta musamman, ba sa zama a akwati na gama-gari, wayar wutarsu ma daban ce. Ka yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce kafin ka tura kuɗi. Kaya na isowa ka kunna MemTest86, manhaja ce mai nau'in kyauta, ka bar ta ta kwana tana gwada RAM. In ta nuna kuskure ko ɗaya ne, ka mayar. Sannan kada ka matse kuɗin akwatin wuta na cikin kwamfutar, domin in ya ƙone ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Ba zan ce muku kwamfutar nan doki ce ba. Resolve tana son katin hoto, kuma ba mu saya ba tukuna, don haka da Kdenlive muke aiki, manhaja ce ta kyauta. In bidiyon 4K ne, sai mu yi masa ƙaramin kwafi mai sauƙi mu tace a kansa, a ƙarshe manhaja ta koma kan na asali ta fitar. Amma hira tana tafiya ba tsalle, murya tana bin leɓe, inbata tana ɗauka ba ƙorafi. Daga cikin hirarraki goma sha ɗaya mun gama bakwai. Kowace muna ajiye ta a wuri biyu, had-dis ɗaya a Kalgo, ɗaya a Gwandu, domin ajiya ɗaya ba ajiya ba ce. Wata 'yar ƙungiyarmu ta riga ta fara gajeren labari daga hirar tsohuwar da ta rasu, kuma ta ce sai da ta riƙa mayar da bidiyon baya tana sauraron inda tsohuwar ke tsayawa ta ja numfashi, sannan ta gane yadda za ta rubuta maganar jarumarta.

Hujjar ma'ajinmu tana nan daram, ban rushe ta ba. Wanda ke da kuɗi da wuta tsayayya, kuma ba abin da ke jiransa, AM5 da DDR5 sun fi masa. Ranar da za mu so furosesa da ya wuce zango na 14, dole mu canza allo da RAM gaba ɗaya, kuma mun san haka tun ranar saye. Mun dai auna ne muka ga cewa allo ana sake sayensa.

Don haka in ƙungiyarku ko ke kaɗai ko kai kaɗai kuna tunanin irin wannan, ku fara da takarda kafin kasuwa. Ku rubuta irin bidiyon da za ku tace, wutar da kuke da ita, da inda za ku samu madadi. Ku zaɓi furosesa, sannan allon da ya fi buƙatarku ta yau faɗi kaɗan, sannan RAM sanda biyu. Ku kuma rubuta sunayen dattawan da kuke son ɗauka, da shekarunsu a gefe. Wannan jerin shi zai gaya muku ko kuna da lokacin jira.

Mai tambaya a kan wani allo ko RAM da aka yi masa tayi, ya kawo sunansa da lambarsa, zan duba gwargwadon sanina. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.